Dokar Kulle Ta Tsare Mu a Gida, Ta Saki Masu Ɓata Muhalli

Har yau raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wani yana cewa dokar kulle ta lokacin annobar korona ta ba duniya hutu. Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba, aka cika mana kunne da labarin cewa sararin sama ya washe, hayaƙin motoci ya ragu, tsuntsaye sun dawo cikin birane. Abin da ni na gani a ƙofar gidana daban ne. Motar kwashe shara ta ɗauke ƙafa makonni ba tare da wata sanarwa ba, alhali kamfanin da ke da alhakin aikin bai daina karɓar kuɗinsa ba. Na yi ta kiran lambar da suka bayar har na gaji, kullum amsar ɗaya ce, wai ma'aikata suna gida saboda kulle. Da wari ya ishi kowa, ƙuda suka cika ko'ina, sai maƙwabta suka fara cinna wa tulin bolar wuta da daddare, muka riƙa kwana muna shaƙar hayaƙin ƙonanniyar roba a daidai lokacin da ake gargaɗinmu cewa wannan cuta huhu take kamawa.

Kuma sharar ba irin wadda muka saba da ita ba ce. An umurci kowa ya sa takunkumin fuska, umurni ne mai kyau, ban taɓa jayayya da shi ba, amma babu wanda ya gaya mana inda za mu jefa shi idan mun cire. Mutane da yawa sun ɗauka takarda ce ko auduga, alhali takunkumin nan na amfani sau ɗaya da zaren roba ake saƙa shi, ba ya ruɓewa, sai dai ya yi ta dagargajewa zuwa ƙananan ɓurɓushi da kifi da tsuntsaye ke haɗiyewa. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2020 ya nuna ana amfani da takunkumi kimanin biliyan 129 da safar hannu biliyan 65 a kowane wata a faɗin duniya. Tun a watan Fabrairun shekarar aka fara tsintar su a gaɓar tsibiran Soko da ke Hong Kong. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, sharar asibitoci ta kai kusan tan 240 a rana lokacin da cutar ta yi ƙamari, wato ta ninka yadda aka saba kusan sau biyar ko fiye. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta amsa a rahotonta na Fabrairun 2022 cewa kashi 30 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya ba su da tanadin sarrafa shararsu yadda ya kamata, a ƙasashe mafi talauci kuwa adadin ya kai kashi 60. To, ina duk wannan kaya ya tafi, idan ba cikin magudanan ruwa da koguna da huhunmu ba?

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Dokokin rage amfani da leda da aka sha wahalar shekaru kafin a kafa su, cikin kwanaki kaɗan aka jingine su. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta dakatar da haramcin leda na kwana 60, Ingila ta ɗage nata haramcin na tsinken shan lemo na roba daga Afrilu zuwa Oktoban 2020. Farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har na Amurka ya sauka ƙasa da sifili a ranar 20 ga Afrilu, sabuwar roba ta fi wadda aka sake sarrafawa arha, masu tsintar roba a juji, waɗanda da su aikin ya dogara a ƙasashe da dama, aka kore su gida ba tare da ko sisi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wasu masu mulki suka mayar da makokin jama'a wata dama. A ƙarshen Maris na 2020, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar da sassauta wa masana'antu wajen sa ido da hukunci idan sun kafa hujja da annobar. A Brazil, ministan muhalli na lokacin, Ricardo Salles, ya faɗa a taron majalisar ministoci na 22 ga Afrilu cewa a yi amfani da lokacin da hankalin 'yan jarida ya karkata ga korona a sauya ƙa'idoji, kuma faifan bidiyon ya fito duniya ta gani. A shekarar ta 2020 an sare kusan murabba'in kilomita dubu 11 na dajin Amazon, ɓarnar da ba a ga irinta ba cikin shekara 12. Mai sa ido yana kulle a ɗaki, mai zarto yana cin karensa babu babbaka. Haka nan gandun namun daji da suka dogara da kuɗin masu yawon buɗe ido suka rasa abin biyan masu gadi, mafarauta suka samu ƙofa. A watan Yunin 2020 aka kashe Rafiki, sanannen goggon biri na gandun Bwindi a Uganda.

Shi kuma hutun da ake ta yabo, nawa ya kai? Hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa ya ragu da kimanin kashi biyar zuwa shida cikin ɗari a 2020, a 2021 kuma ya koma yadda yake a da, da zarar an buɗe masana'antu, wanda ya riga ya taru a sama kuwa bai daina ƙaruwa ba ko na shekara ɗaya. Taron sauyin yanayi na duniya da aka shirya yi a birnin Glasgow na Birtaniya ma sai da aka ɗage shi shekara guda cur.

Ban ce kada a kulle gari idan rayuka suna cikin haɗari ba. Ƙorafina shi ne, duk hukumar da za ta hana mutum fita daga gidansa, wajibi ne ta sa mai kwashe shara da mai gadin daji da mai duba hayaƙin masana'anta cikin jerin ma'aikatan da ba a dakatar da su, ta ba su kayan kariya, ta biya su haƙƙinsu. A wajenmu ba a yi haka ba. Da ruwan sama na farko ya sauka, takunkumi da leda suka toshe kwalbatin layinmu, ruwa ya shigo mana har cikin ɗakuna, kuma kamfanin nan bai taɓa ba mu haƙuri ko mayar mana da kuɗin makonnin da bai yi aiki ba.