Tashi biyar ba ya mayar da mutum gwanin jirgin shawagi mai inji

Tun watan Afrilun 2020 da sabuwar dokar lasisin jiragen shawagi ta Tarayyar Turai ta fara aiki, akwai wani layi a cikinta da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Jirgin shawagi shi ne mai dogayen fukafukai da ke sulalawa a iska ba da ƙarfin inji ba, amma wasu suna da injin da za su tashi da kansu. Dokar ta ce matuƙin da ke son ya riƙa tashi da injin jirginsa, ba tare da wani jirgi ya ja shi sama ba, sai ya yi tashi 5 tare da malami, sannan ya yi 5 shi kaɗai ana sa masa ido daga ƙasa. Sai ta ƙara da cewa biyar ɗin farko ana iya yin su a jirgin da injinsa ke a hanci, irin su Falke da Grob G109. Wannan rangwamen ne na kasa haɗiyewa.

Jirgin da aka koya wa mutum a kai da wanda zai je ya hau, suna ne kawai ya haɗa su. Ɗauki DG-400 mai kujera ɗaya. Injinsa a ɓoye yake a bayan matuƙi, sai an ɗago shi ya tsaya a saman jirgin. Da an ba shi wuta sai ya danna hancin jirgi ƙasa, matuƙi ya riƙa jan sandar tuƙi baya don ya daidaita. To a ce injin ya ɗauke ana mita 50 daga ƙasa. Dannawar ta gushe, hanci ya ɗaga, gudu ya faɗi nan take, ga inji da farfela a waje suna tare iska. Nisan da jirgin zai iya sulalawa ya ragu sosai, filin da matuƙi ya hango a gabansa ya fi ƙarfinsa. Daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya tura sanda gaba. Wanda ya koya a jirgi mai inji a hanci bai taɓa jin wannan a hannunsa ba.

Su ma masu inji a hancin suna da nasu tarkon. Fukafukan Grob G109B sun haura mita 17, alhali na Cessna 172 da galibin matuƙa suka saba da ita mita 11 ne. Bakin fiffike ɗaya ya shafi doguwar ciyawa, ko iska ta bugo daga gefe, sai jirgi ya murɗe ya bar titi. Farfelarsa tana da saiti uku: na tashi, na tafiya, da na shawagi bayan an kashe inji. A manta da ita a saitin tafiya, jirgi zai yi ta jan ƙafa har titi ya ƙare. A bar birkin iska, wato faifan da ke ɗagowa a kan fiffike don rage gudu, ba a kulle shi da kyau ba, zai iya buɗewa ana tsakiyar gudu. Idan aka haɗa da zafin rana a fili mai tudu, kamar Bitterwasser ta Namibiya inda Turawa ke zuwa shawagi a ƙarshen shekara, ƙarfin injin ma ya ragu tun kafin a motsa.

Amma da an yi maganar ƙarin horo sai ka ji ana cewa ai wane ya yi awa dubu kaza a sama. Wannan hujja ce ta banza, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Sabo turken wawa, in ji Hausawa: lokacin firgita hannu yana komawa ne inda ya saba, a jirgin da ya saba. Mawaƙin nan na Amurka, John Denver, yana da awa sama da 2,700 lokacin da ya faɗa teku kusa da Monterey ta jihar California ranar 12 ga Oktoba, 1997. Jirginsa Long-EZ ne, ba na shawagi ba, amma ciwon ɗaya ne. Sabon saye ne a hannunsa, makunnin canza tankin mai yana can bayan kafaɗarsa ta hagu, kuma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta lissafa ƙarancin horo a kan wannan samfurin cikin abubuwan da suka jawo haɗarin. A Amurkar kuwa har yau sa hannun malami a littafin matuƙi ya wadatar ga mai son tashi da injin jirgin shawagi, doka ba ta ƙayyade adadin tashi ba.

Masu kukan tsada su kwatanta kuɗin darasi da kuɗin jirgin da suka saya. Masu cewa jirgi mai kujera ɗaya ba shi da wurin malami kuwa sun san akwai ASK 21 Mi da Arcus M, masu kujera biyu da inji a baya. Kasala ce kawai, da ƙungiyoyin da ba sa son ɓata wa mai kuɗi rai.

Abin da ya fi ciwo shi ne bayan an kwashe tarkace sai kowa ya ce kuskuren matuƙi ne, a rufe zance. Wa ya sa masa hannu? Wa ya miƙa masa jirgin bayan bayanin rabin awa a gefen titi? A cire wannan rangwamen daga dokar. Duk wanda zai hau jirgi mai inji a baya ya koya a irinsa, malami ya rage masa wuta ba zato sau da yawa, kuma kamfanonin inshora su daina ba da takarda ga wanda bai yi hakan ba.