Ɗan tsohon Jamus mai yashin barci, da tatsuniyarmu ta bayan isha'i

Duk wanda ya zauna a Jamus da ƙananan yara ya san ƙarfe bakwai saura minti goma na yamma lokaci ne mai zaman kansa. Lokacin ne tashar yara ta KiKA ke saka Sandmännchen, wato ɗan mutumin yashi, wata 'yar tsana ce mai siffar tsoho da farin gemu da hula mai tsini, yana rataye da jaka. Baya magana ko kaɗan. Zai iso cikin wani abin hawa, yau jirgin ƙasa gobe kwalekwale jibi roka, ya zauna da yara a kalli gajeren labari tare, sai ya ɗebo yashin barci ya watsa musu ya ɗaga hannu ya tafi. Duka duka minti goma ne fa, amma da an gama yaro da kansa ya san saura goge baki da kwanciya.

Abun da yasa nake son yin magana a kansa shine tarihinsa, don wallahi akwai abun dubawa. An fara nuna shi ran 22 ga Nuwamba 1959 a talabijin ɗin Jamus ta Gabas, lokacin ƙasar tana rabe biyu, Gabas na tare da Tarayyar Sobiyet, Yamma na tare da su Amurka. Kuma gasa ce ta haife shi. Mutanen Gabas sun samu labari wata tasha a Berlin ta Yamma na shirin fito da nata ɗan mai yashin, sai suka sa mai haɗa tsana Gerhard Behrendt ya ƙera nasu cikin kamar sati biyu, suka riga su fitowa, na Yamma sai ran 1 ga Disamba ya bayyana. A fitowar farko ɗan tsanan ya gama aikinsa barci ya kwashe shi a bakin titi, sai yara suka dinga aiko wasiƙu suna cewa ya zo ga gadonsu sun bashi aro. Ni wannan wurin kullum yana taɓa ni, yaran da iyayensu suka ga yaƙi da yunwa ne ke tayin gadonsu ga 'yar tsana.

Ba zan ɓoye ba gwamnatin Gabas tayi amfani dashi wajen tallata kanta, ya kai ziyara wurin sojoji, ya zaga ƙasashen gurguzu ƙawayensu, har a 1978 Sigmund Jähn, Bajamushe na farko da ya je sararin samaniya, ya tafi da shi can sama. Amma yaro ɗan shekara huɗu ina ruwansa da gurguzu, shi dai yana jiran yaga yau da wace mota za a zo, kuma a cikin labarin ko ɗan aljanin nan Pittiplatsch zai fito ko dila da tsuntsuwar nan da basa rabuwa da gardama. Kuma ku tuna mutanen da aka hana fita yawancin ƙasashen duniya ne, katangar Berlin ta tsare su tun 1961, ga ɗan tsana yana yawo har duniyar wata.

To sai katangar ta faɗi a 1989, aka haɗe ƙasa a 1990, ƙarshen 1991 aka rufe tashar Gabas ɗin gaba ɗaya. Abubuwan Gabas da yawa haka suka bi ruwa, masana'antu, kuɗinsu, motocinsu. Da aka ji shima ɗan mai yashin zai iya tafiya sai iyaye da yara suka tashi tsaye suka ce basu yarda ba, dole aka barshi, tashoshin yankin suka ci gaba da shi har yau. Na Yamma da suka fi kuɗi nasu tuni ya zama tarihi, na Gabas ne duk Jamus ke kallo yanzu. Kakar da ta kalle shi tana yarinya ita ce ke zaune da jikanta suna kallo, waƙar buɗewar ma duk sun haddace.

Ni a ganina ba kyan tsanar bane ya raya shi, lokacin da aka bashi ne kuma aka ƙi taɓawa. Kullum, a daidai sa'ar nan, shekara sama da sittin.

Kuma nan ne raina ke sosuwa, don mu ma muna da wannan sa'ar tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Bayan isha'i an ci tuwo an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ko goggo tace ga ta nan ga ta nanku, mu amsa ta zo mu ji ta, sai Gizo da Ƙoƙi da Botorami su fito. Har doka gare ta, ba a tatsuniya da rana. In aka ce ƙurungus kan kusu kowa ya san an tashi, rabin yaran ma sun riga sun ɓingire. Ta wani fannin tamu tafi tasu, don mu muna amsawa, muna waƙa tare, in goggo ta canja labarin mu ce ba haka kika faɗa jiya ba. Ɗan Jamus kallo kawai yake.

Sai dai tasu an yi mata mazauni, tamu kuma tana bakin tsofaffi ne, tsohuwa in ta rasu ta tafi da nata. An yi ƙoƙari, NTA ta fara Tales by Moonlight a 1984 kuma mutane sun so shi sosai, amma da Turanci ne kuma sati sati, yaron ƙauye a Katsina ko Maraɗi ba dashi ake ba. Yanzu in na kira gida da dare abun da nake ji shine ƙarar waya, an miƙa wa ɗan shekara uku YouTube yana ta latsawa, wannan na ƙarewa wancan na farawa, babu inda ake cewa an gama a je a kwanta.

Kuma kar wani yace sai da kuɗin Turawa, masu haɗa katun da kwamfuta muna dasu a Kano da Kaduna, masu murya kuwa Kannywood cike take. Abun da nake roƙo tasha ɗaya ta ware minti goma bayan isha'i, kullum ba fashi, ko azumi ko lokacin zaɓe, kar a ɗage shi don wani babba na jawabi. In matsalar wuta ce a saka a rediyo ma, ita ta fi shiga ƙauye. A fara da zuwa wurin tsofaffin da suka rage a ɗauki muryarsu, a biya su haƙƙinsu, a kuma rubuta sunan kowacce da garinsu a jikin labarin da ta bayar.