Béla Guttmann: baƙon da ya ci wa Fotugal kofi biyu, aka bar shi da sunan mai mugun baki

Daren jiya a gidan kallo gardama ta kaure kan Benfica, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Fotugal. Wani ya tambayi dalilin da ya sa ƙungiya mai irin wannan tarihi, wadda kullum take fitar da 'yan wasa tana sayar wa manyan Turai, ta kasa cin kofin zakarun Turai. Kafin a rufe baki wani matashi ya ce, "Ai wani Bayahude ne ya yi musu baki." Aka yi dariya, aka wuce. Na tambaye shi sunan mutumin, bai sani ba. Na tambaye shi me mutumin ya yi wa Benfica kafin maganar bakin, nan ma shiru. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo gida, shi ya sa nake wannan dogon rubutu. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Sunan mutumin Béla Guttmann. An haife shi a Budapest, babban birnin Hangari, a 1899. Iyayensa malaman koyar da rawa ne, shi ma ya koyi sana'ar, amma ƙwallo ta fi jan hankalinsa. Ya buga wa MTK, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin garin, har ya sa rigar ƙasarsa. Sai dai Hangari ta lokacin ta fara yi wa Yahudawa ƙunci. A 1920 aka kafa dokar da ta ƙayyade yawan 'ya'yansu da za a ɗauka a jami'a. A 1922 ya tsallaka Vienna ya shiga Hakoah, ƙungiyar da Yahudawan birnin suka kafa don kansu, kuma da shi suka ci gasar lig ta Ostiriya a 1925. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ta je rangadi Amurka, shi kuwa ya yi zamansa a New York. Abin da ya tara a can ya bi ruwa a 1929 lokacin da kasuwar hannun jari ta rushe. Ya dawo Turai ya kama aikin koci, ya ci wa Újpest gasar Hangari a 1939.

Daga nan duniya ta juya masa baya. A 1944, cikin 'yan watanni tsakanin Mayu da Yuli, aka kwashi Yahudawan Hangari fiye da dubu 430 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi. Guttmann ya ɓuya a saman rufin wani gida a unguwar Újpest, daga baya aka tura shi sansanin aikin tilas. A watan Disamba na shekarar ya tsere tare da wani kocin Bayahude, Ernő Erbstein, wanda ya gina shahararriyar tawagar Torino da ta hallaka a haɗarin jirgin sama a 1949, shi ma Erbstein ɗin yana ciki. Mahaifin Guttmann da 'yar uwarsa ba su tsira ba, a Auschwitz aka kashe su. Ku riƙe wannan a zuciya duk lokacin da kuka ji ana cewa mutumin ya cika son kuɗi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wanda aka ƙwace wa gida da dangi, ya ga ajiyarsa ta narke a rana ɗaya, ya ga maƙwabta sun zuba ido ana loda 'yan uwansa a tarago, da me kuke so ya dogara in ban da abin da ke kansa da abin da ke aljihunsa? Bayan yaƙi, da ya karɓi wata ƙungiya a Romaniya, saboda yunwar da ake ciki da kayan lambu ya nemi a riƙa biyansa.

Yawonsa bayan nan yana da tsawo, ba zan bi shi ɗaya bayan ɗaya ba. Italiya, Ajantina, Saifurus, ya sake komawa Italiya. AC Milan ta sallame shi a 1955 alhali ita ce a saman tebur. A 1957 ya ci wa São Paulo gasar jiharsu a Brazil, inda ya taimaka wajen kafa tsarin 4-2-4 da Hangarawa suka ƙware a kai. Vicente Feola, mutumin São Paulo ɗin, shi ne ya kai Brazil ta ɗauki kofin duniyarta na farko a 1958 da wannan tsari.

To, sai Fotugal. Ina so matasanmu su gane cewa Fotugal ɗin da suka sani ta Figo da Ronaldo ba ita Guttmann ya tarar ba. Ƙasa ce ƙarama a gefen Turai, mutanenta ba su wuce miliyan tara ba, talauci ya yi mata katutu, tana ƙarƙashin mulkin kama-karya na Salazar. Ba ta taɓa zuwa gasar kofin duniya ba ko sau ɗaya. Maƙwabciyarta Sifaniya kuwa tana da Real Madrid, wadda ta lashe kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, babu wanda ya taɓa ɗaga shi sai ita.

Ya fara da Porto, ya ci musu lig a 1959. Benfica ta ɗauke shi. Da isarsa ya sallami manyan 'yan wasa kusan ashirin, ya ɗago yara daga ƙasa. Wannan aikin baƙo ne. Mu mukan ce da ɗan gari akan ci gari, kuma gaskiya ne a wurare da yawa, amma akwai gyaran da ɗan gari ba zai iya ba, domin wanda za a kora ɗin abokinsa ne, ko surukin wani babba ne, ko sun yi makaranta tare. Baƙo ba ya jin nauyin kowa, abin da ƙafa ta yi a fili shi yake gani. Ya ci lig a 1960, ya maimaita a 1961.

Ranar 31 ga Mayu 1961, a birnin Bern, Benfica ta kara da Barcelona a wasan ƙarshe na kofin Turai. Kowa ya ba Barcelona, domin ita ce ta fitar da Real Madrid a kakar. A gabanta akwai Kocsis da Czibor, Hangarawa biyu da su ma gudun hijira ya kai su Sifaniya bayan rikicin ƙasarsu na 1956, kuma a wannan filin ne suka sha kashi a hannun Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1954. Dukansu biyu sun zura ƙwallo, Barcelona ta yi ta dukan turke, amma aka tashi 3-2 Benfica na da nasara. Masu hassada suka ce sa'a ce. Sai Allah ya kawo 1962, a Amsterdam, da Real Madrid ɗin kanta, da Di Stéfano da Puskás a ciki. Madrid ta fara cin biyu, aka je hutun rabin lokaci tana da uku Benfica na da biyu, duka ukun Puskás ne ya ci. Aka dawo, Coluna ya farke, wani yaro ɗan shekara 20 ya ƙara biyu. Aka tashi 5-3. Yaron nan shi ne Eusébio.

A nan nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin wurin ya shafe mu mu 'yan Afirka. Benfica ta wancan zamani tana alfahari da cewa ba ta ɗaukar ɗan wasan waje, sai ɗan Fotugal, kuma haka ta zauna har ƙarshen shekarun 1970. Amma su waye 'yan Fotugal ɗin? Eusébio ɗan Mozambik ne, a Lourenço Marques aka haife shi, garin da ake kira Maputo yau. Coluna ɗan Mozambik. Gola Costa Pereira a Mozambik aka haife shi. Kyaftin José Águas a Angola. Ƙasashen suna ƙarƙashin mulkin mallaka, don haka a takarda an ƙirga su 'yan ƙasa. Ga yaran Afirka a fili, ga Bayahude ɗan gudun hijira a benci, kuma a ƙasar da sarkinta Manuel ya ba Yahudawa da Musulmi umarnin ficewa a 1496, shekara guda bayan haka ya tilasta wa Yahudawan da suka rage shiga Kiristanci. Waɗanda aka raina da waɗanda aka taɓa kora su suka ɗaga tutar. Gwamnatin Salazar ta ci moriyar wannan nasara sosai, tana nuna wa duniya Eusébio a matsayin shaidar cewa babu wariya a daularta, a daidai lokacin da sojojinta ke yaƙar masu neman 'yanci a Angola.

Ba zan ce Guttmann shi kaɗai ya yi aikin ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin zuwansa, Otto Glória ɗan Brazil ya yi shekaru yana mayar da Benfica ƙungiyar ƙwararru. Shi ne kuma ya ja ragamar Fotugal a 1966, zuwanta na farko kofin duniya, inda ta zo ta uku, Eusébio ya ci ƙwallo tara, huɗu a cikinsu a wasan da Koriya ta Arewa ta fara cin uku aka tashi 5-3. Iyayenmu sun san sunan nan, domin Otto Glória ɗin ne ya ci wa Najeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980. Amma ƙashin bayan tawagar 1966 yaran Benfica ne, irin su Eusébio da Coluna da Simões da José Augusto, waɗanda suka koyi cewa Bafotugale zai iya tsayawa gaban kowa a hannun Guttmann. Kuma ba a Fotugal kaɗai aka ga irin haka ba. Ostiriya da ta rage 'yar ƙarama bayan yaƙin duniya na ɗaya, Hugo Meisl ne, Bayahude haifaffen Bohemiya da ya taso a Vienna, ya gina mata tawagar da ta lallasa Scotland 5-0 a 1931.

Yanzu maganar baki. Bayan kofi na biyu Guttmann ya nemi a ƙara masa kuɗi, shugabannin ƙungiya suka ƙi, ya tafi. Labarin da ya bazu shi ne wai ya ce Benfica ba za ta sake cin kofin Turai ba har shekara ɗari. Daga nan ta kai wasan ƙarshe na gasannin Turai daban-daban sau takwas tana faɗuwa: 1963, 1965, 1968, 1983, 1988, 1990, 2013, 2014. A 1990, da wasan ya faɗo a Vienna inda aka binne shi, Eusébio da kansa ya je kabarinsa. Milan ta ci 1-0.

Ni ban yarda da wannan labari ba, kuma ba don ina musun cewa baki yana kama mutum ba. Dalilina shi ne mutumin ya dawo ya sake horar da Benfica a 1965. Wa zai tsine wa gida sannan ya dawo ya nemi abincinsa a ciki? Kuma rashin nasarar yana da dalilai a fili: kuɗin ƙwallo ya tattara a Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus, ƙungiyar Fotugal ba ta iya riƙe gwaninta shekara uku. Porto ma, da take ƙasa ɗaya da ita, sau biyu kawai ta ɗaga kofin, 1987 da 2004. Abin da ke damuna shi ne yadda labarin ya yi daidai da hoton da aka daɗe ana zana wa Bayahude: mai kwaɗayin kuɗi, mai mugun nufi, mai asiri. Ma'aikaci ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi musu, ya nemi haƙƙinsa, aka hana shi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, sannan aka juya labarin ya zama shi ne azzalumin. Duk Bahaushen da ya yi zaman zango a Kumasi ko ya yi aikin ƙarfi a wata ƙasa ya san wannan ɗacin: kana da amfani muddin kana aiki shiru, ranar da ka buɗe baki ka tambayi ladanka ranar za a tuna cewa kai baƙo ne.

Na san wani zai ce, yanzu ana zubar da jinin 'yan uwanmu a Gaza shi ne za ka zauna kana yabon Bayahude? Wallahi abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ci mini rai kamar yadda yake ci wa kowa, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Amma Guttmann bai riƙe gwamnati ba, bai harba bindiga a kan kowa ba. Kocin ƙwallo ne da aka kashe wa uba, ya mutu a Vienna a 1981. A Suratul Ma'ida an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci. In muka mayar da kalmar Bayahude zagi da za mu liƙa wa duk wanda aka haifa a cikinsu, mun ɗauki irin tunanin da ya cika waɗancan jiragen ƙasa na 1944, kuma irinsa ne ake amfani da shi a yau a ce duk Musulmi ɗan ta'adda ne.

A watan Fabrairu na 2014 Benfica ta kafa mutum-mutuminsa a filinta na Luz, yana riƙe da kofunan nan biyu, shekara 33 bayan mutuwarsa. Ko a lokacin, abin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne ko wannan zai karya bakin. Watanni uku bayan haka Sevilla ta doke su a bugun fenareti a Turin, aka sake komawa kan tsohuwar magana. Matashin nan na gidan kallo zan nemo shi gobe in Allah ya kai mu, in nuna masa wasan Amsterdam a waya.