Ser da estar a Sifaniyanci: ba batun dawwama ba ne

"Ser" da "estar" aikatau biyu ne na Sifaniyanci, dukansu masu ma'anar "kasancewa". Masu koyon Sifaniyanci da kansu sukan haddace cewa wai "ser" na abin da ya dawwama ne, "estar" kuwa na mai wucewa. Wannan ƙa'ida ba ta kai mutum ko'ina. Mutuwa ba ta da ranar ƙarewa, amma "está muerto" (ya mutu) ake cewa, da "está" na "estar". Madrid bai taɓa gusawa ba, duk da haka "Madrid está en España". Ƙuruciya kuwa, da kowa ya san mai wucewa ce, "es joven" (matashi ne) ake faɗa, da "es" na "ser".

Ga inda suka rabu: "ser" na faɗin ko mene ne abu, "estar" na faɗin inda yake ko halin da yake ciki. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da kusan irin wannan: "Musa malami ne" (Musa es profesor), "Musa yana kasuwa" (Musa está en el mercado).

A kula da wuri biyu. Wurin taro ko biki "ser" yake ɗauka: "La reunión es en la escuela" (a makaranta ake taron). Sannan wasu siffofi na sauya ma'ana: "es listo" mai wayo ne, "está listo" ya shirya. Duk siffar da ka koya, rubuta ta da kowanne, ka duba ƙamus ko ma'anar ta juya.