Ranar da na ɗauki hayar akori-kura saboda kwali ɗaya

Ni dai noman rani na gada, kabeji da karas da latas, a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza can bayan Bukuru, kuma da na tsaya a nan da ban sha kunya ba. To bara da hunturu tsautsayi ya kai ni Chaha wajen Vom, na ga yadda ake zuba sitiroberi, wasu 'yan jajayen 'ya'yan itace masu zaƙi, a 'yan robobi ana lodawa sai Abuja, ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba amma kuɗinsa sai ka tara kabeji nawa kafin ka kamo shi, nan take na ce wallahi bana da ni za a yi.

Su mutanen Chaha yaɗo suke cirewa daga jikin uwar su dasa abinsu, ni kuma don a san na waye na ce sabon iri zan yi oda. Na samu wani a WhatsApp mai shigo da dashe, ya ce akwai Chandler akwai Camarosa, duk asalinsu Kalifoniya ta Amurka, na ce a ba ni Chandler don sunan ya fi kama da na mai kuɗi. Ya ce kowane ɗauri 25 ne, na ce a sa min 40, dubu ɗaya cif. Ya ƙara da cewa tsirara fa suke zuwa, saiwa zalla ba ƙasa ba leda, na ce ba komai, alhali ko ji ban yi ba, ni ina can ina lissafin Umara da kuɗin da ban samu ba tukuna.

Da direba ya kira wai kaya sun iso tasha, ni a kaina dashe dubu ai kamar na gwaiba ne kowanne da ledarsa, sai na ɗauki hayar akori-kura da yara biyu majiya ƙarfi, har da tamfol don kar rana ta taɓa dukiya. Muna zuwa direban ya ce Alhaji kai ne mai kwali? Ya buɗe but ya ɗauko wani kwali da hannu ɗaya ya miƙo min. Na ce ina sauran? Ya ce sauran me? Mai akori-kura ya juya baya yana tari, ni na san dariya ce, kuma ya ce kuɗinsa ko sisi ba ragi tunda shi ya zo. Haka muka ɗora kwalin a tsakiyar bayan mota shi kaɗai kamar amarya, yaran biyu suka sa shi a tsakiya, muka ratso gari.

A gida na buɗe, innalillahi. Wasu busassun abubuwa ne ruwan ƙasa, ɗauri ɗauri da kyauro, kamar tsohuwar tsintsiya ko gemun bunsuru, ko ganye ɗaya na kirki babu. Na kira mutumin ina kumfar baki wai an damfare ni, ya bari sai da na gama sannan ya ce ranka ya daɗe barci suke ba mutuwa ba, tono su ake a kakkaɓe ƙasar a ajiye a sanyi, shi ya sa dubu ke shiga kwali ɗaya. Ka jiƙa saiwar kamar rabin awa, ka dasa gobe gobe, tazarar santimita 30, kuma ka kula da wuyan nan da ke tsakanin saiwa da inda ganye zai fito, daidai fuskar ƙasa zai tsaya, ka binne shi ya ruɓe, ka bar saiwa a waje ta bushe.

Na nufi firij, uwargida ta tare ƙofa ta ce maigida ba dai a kan zoɓo da kunun ayata na sayarwa ba. Sai na kai ɗakin Inna na ajiye gindin randa, na rufa jiƙaƙƙen buhu.

Da asuba na ƙirga, ɗauri 39. Na sake ƙirgawa, 39. Ina cikin zargin akuya sai na jiyo wani wari daga madafi, na leƙa na ga tukunya na tafasa, ga Chandler ɗina 'yan Kalifoniya suna juyi a ciki da jar kanwa. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka ɗan nan, ashe ka ji ina kukan baya ka sayo min saiwa har kwali guda, ko a gun 'yan magori ban taɓa ganin mai kyan wannan ba. Me zan ce? Na ce amin Inna.

A gona kuma yaran da suka saba da dankali suka zurma min dashen kunya biyu, suka binne har da wuyan kafin in juyo, waɗannan kam sun tafi kenan. Sauran kuwa cikin mako guda sai ga 'yan ganye kore shar suna leƙowa, har na ji kunyar zagin da na yi wa bawan Allah.

Jiya Inna ta aiko jika wai bayan ya yi sauƙi sosai, kuma ƙawarta Hajiya ta makwabta ma tana son ɗauri biyu, nawa nake sayarwa.