Minti Ashirin Bai Isa A Yanke Wa Labari Hukunci Ba

Daren jiya na zauna da wasu ƙannena da abokansu domin mu kalli kashi na farko na wani sabon fim mai dogon zango, wanda labarinsa ya ginu a kan wasu baƙin halittu da suka taso daga wata duniya suka kawo wa tamu farmaki. Sun shafe makonni suna ɗokin fitowarsa, kuma su ne suka yi ta yi mini naci har na ajiye abin da ke gabana na zauna. Ba a yi minti ashirin da farawa ba ɗayansu ya ja dogon tsaki ya ce, "Wannan ai shirme ne, ina dodannin suke?" Na kusa da shi, wanda tun da aka kunna talabijin idonsa bai bar kan wayarsa ba, ya ɗago kai ya ce, "Wallahi Yaya, ɓata lokaci ne kawai." Na uku bai ce komai ba, sai ya ɗauki rimot ya shiga tura fim ɗin gaba yana neman inda za a yi fashe-fashe. Kafin a kai ƙarshen kashin an riga an yi wa fim ɗin wanka an sa masa likkafani, kuma da safe da kunnena na ji ɗayansu yana gaya wa wani abokinsa kada ya wahalar da kansa, wai shi ya kalla kuma babu komai a ciki.

Wannan kalma ta "na kalla" ita ce ta hana ni sukuni, domin ina zaune a wurin, kuma na san bai kalla ba. Ya ga wasu hotuna suna wucewa ta gefen idonsa, ya tsinci wasu maganganu a tsakanin saƙon da yake karantawa da wanda yake rubutawa, sannan ya fita yana ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Ƙannena, ba fim ɗin nake karewa ba, don ni kaina ban san ko zai yi kyau ko zai watse a tsakiya ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne saurin yanke hukunci, da ƙarfin halin da mutum ke da shi na ya tsaya a gaban jama'a ya yi fatawa a kan aikin da bai ba shi ko da rabin hankalinsa ba.

Na san amsar da za ku ba ni, domin an ba ni ita tun a daren: wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na yarda da karin maganar, amma wanda zai gane Juma'a daga Laraba sai ya kasance ya ga Larabar da idonsa. Abin da aka nuna a kashin farko shi ne rayuwar mutane kafin bala'i ya sauko: wata ma'aikaciyar jinya da wutar asibitinsu ke ɗaukewa ba dalili, wani soja da na'urar sadarwarsa ta yi shiru, tsuntsaye suna tashi garke-garke zuwa inda ba su saba ba. Duk mai lura ya san cewa ana ɗora tubali ne, ana so ka san waɗannan mutane, ka damu da su, ta yadda ranar da abin ya faɗo musu za ka ji shi a jikinka. Masu shirya irin wannan fim sun daɗe da gane cewa abin da ba ka gani ba ya fi wanda ka gani tsoratarwa, shi ya sa suke ɓoye halittar, su nuna maka inuwarta da ɓarnarta da fuskar wanda ya gan ta. Da zarar an fito da dodo fili an haska shi da fitila, rabin tsoron ya tafi, sai a koma ƙirga ƙafafunsa ana dariya. Kai kuma ka zo kana neman a nuna maka shi a minti na biyar, da ba a nuna ba ka ce marubucin bai san aikinsa ba, alhali sauri ya haifi nawa.

Irin wannan labari yana da tarihi, kuma da kun san tarihin da kun rage gaggawa. Littafin da ake ɗauka a matsayin uban labaran mamayar baƙin halittu shi ne The War of the Worlds, wanda marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar a 1898, inda halittu daga duniyar Mars suka sauka a kudancin Ingila suka doshi Landan. Wanda ya karanta shi ya san cewa yawancin shafukansa a kan mutane suke: gudun ceton rai, turmutsutsu a kan hanya, da yadda mai ba da labarin ya shafe kusan mako biyu a ɓoye cikin rusasshen gida tare da wani malamin coci da tsoro ya gusar wa hankali. Tun a babin farko marubucin ya tunatar da 'yan ƙasarsa yadda Turawa suka kusan ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, yana nufin su ɗanɗana a cikin labari yadda ake ji idan mai ƙarfi ya zo daga nesa ya ɗauke ka ba a bakin komai ba. A ƙarshe kuma sojoji da manyan bindigogi sun gaza, ƙwayoyin cuta na duniyarmu ne suka kashe maharan, saboda jikinsu bai saba da su ba. Yanzu ku faɗa mini, wanda ya karanta shafi goma ya jefar da littafin don bai ga yaƙi ba, me ya fahimta? Zai fita ya ce labarin dodanni ne mara daɗi, bai san cewa madubi aka miƙo masa ba.

Akwai wani abu da ya faru da labarin nan wanda ya dace da ku kamar don ku aka yi shi. Ranar 30 ga Oktoba, 1938, ɗan wasan kwaikwayo Orson Welles da abokan aikinsa suka mayar da shi wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka, suka mayar da wurin saukar halittun jihar New Jersey, suka kuma tsara shi kamar labarai masu shigowa da ɗumi-ɗumi. An faɗa a farkon shirin cewa wasa ne. Waɗanda suka kamo tashar a tsakiya ba su ji wannan bayani ba, wasu daga cikinsu suka ɗauka gaskiya ne suka firgita, suka shiga buga waya ga 'yan sanda da gidajen jarida. Washegari jaridu suka kambama abin kamar dukan ƙasar ta rikice, kuma masu bincike daga baya sun nuna cewa firgicin bai kai yadda aka zuzuta shi ba. Ka ga an yi gaggawa sau biyu ke nan: ta mai sauraron da ya ji rabi ya yanke hukunci, da ta mai rahoton da ya ji daga wasu ƙalilan ya yanke wa kowa. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan, an sauya rediyo da waya mai fuskar gilashi, amma halin yana nan daram.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin masu tsakin nan ba ra'ayinsu suke faɗa ba. Mutum ɗaya mai baki ya ce fim ɗin bai yi ba, sai sauran su zama 'yan amshin shata, har da wanda na ga ya nutsu yana kallo da farko, amma da ya ji an fara zagi sai ya ji kunyar ya ce ya ji daɗi. Wata ƙanwarmu ta yi ƙarfin hali ta ce ita labarin ma'aikaciyar jinyar ya taɓa mata zuciya, sai aka yi mata ca, aka ce ba ta san fim ba, aka yi ta yi mata dariya har ta ja bakinta ta yi shiru. A kan me? A kan labarin da wani ya ƙaga a ɗakinsa. Idan matashi ba zai iya jure wa 'yar uwarsa ta saɓa masa a kan fim ba, ina mamakin yadda zai yi ranar da aka saɓa masa a kan abin da ya shafi rayuwa. Magana zarar bunu ce, kuma yarinyar nan ba za ta sake faɗin abin da ke ranta a gabanku da sauƙi ba.

Ba zan wuce ba sai na taɓo ɗan uwan mai gaggawa, wato wanda ya riga kowa kallo sannan ya zo yana tona ƙarshen labari, wai ai wane mutuwa zai yi a kashi na huɗu. Wannan sata ce, domin ya ɗauke wa mutane daɗin da suka tanada, kuma ba ya samun komai sai a ce ya riga kowa. Haka ma mai ƙara wa fim gudu don ya gama da wuri, jarumai suna magana kamar ana korarsu, kiɗan da aka tsara don ya sa gabanka faɗuwa ya koma hayaniya, sannan ya ce fim ɗin ba shi da armashi. To ina armashi zai fito, bayan kai ka kore shi da hannunka?

Kada wani ya ce na hana suka. Suka tana da daɗin ji idan mai yinta ya san abin da yake faɗa. Da ɗayanku ya ce mini labarin yana da wuyar gaskatawa saboda nisa, da na gyara zama. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya shafe sama da shekara huɗu kafin ya iso mu daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke zagaya wasu taurari, ba a kuma sami shaidar rai a ko ɗaya ba. Mai wannan sani yana da damar ya tambaya: halittar da ta iya ratsa wannan nisa, me take nema a wurinmu da ba za ta samu a hanya ba, kuma yaya za a yi bindigar soja ta dame ta? Wannan tambaya ce da za a kwana ana tattaunawa a kanta, kuma marubuci nagari dole ya tanadi amsarta. Amma "ina dodannin suke" a minti na ashirin ƙorafin yaro ne da aka jinkirta wa alawa.

Ina tuna lokacin da fim mai dogon zango ke zuwa sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, wanda ya makara kuma ya rasa. Mutane kan zauna shiru har a gama, domin ba a mayar da shi baya, sannan a yi kwana bakwai ana juya abin da aka gani, ana hasashen abin da zai biyo, ana gardama cikin raha ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Jiran nan da kansa wani ɓangare ne na daɗin. Masu kallo na wancan zamani sun ɗauki abin da suke kallo da daraja, har ma a 1968 masoyan shirin Star Trek suka yi ta aika wasiƙu ga gidan talabijin na NBC da suka ji ana shirin dakatar da shi, aka kuma yi masa zango na uku. Mutum ya nemi takarda da biro, ya zauna ya tsara hujjarsa, ya kai gidan waya. Tun da kamfanin Netflix mai nuna fina-finai ta intanet ya fara sakin zango guda cur a rana ɗaya, wasu kuma suka bi sahu, kallo ya koma tsere, kowa na son ya gama ya wuce na gaba. Abu ya yi yawa har ya rasa ƙima, haƙuri ya ƙaranta, kuma wanda ya fi kowa saurin cewa "bai yi ba" shi ake ɗauka masani. Laifi tudu ne, ni ma na sha kama kaina ina laluben waya a tsakiyar kallo, amma aƙalla ina jin nauyin in buɗe baki in yi sharhi bayan haka. Wannan nauyin ne nake ganin ya ɓace, kuma ban san ranar da ya ɓace ba.

Ku sani kuma cewa tsakinku yana da sakamako. Kamfanoni suna duba yawan waɗanda suka fara kallo da waɗanda suka kai ƙarshe kafin su yanke shawarar ci gaba, kuma shirye-shirye da dama sun tsaya a zango na farko labarinsu bai ƙare ba. Idan masu kallo suka nuna cewa ba za su jira minti ashirin ba, masu shiryawa za su koyi darasi, su cika farkon kowane fim da ƙara da wuta da rushewar gine-gine, su watsar da gina mutane. Ranar nan ku ne za ku fara kukan cewa duk fina-finan iri ɗaya ne.

Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba. Ku kalli abu da idonku biyu kafin ku yi magana a kansa, idan kuma ba ku da lokaci ko bai ja hankalinku ba, ku ce "ban gama ba" ko "ba irin nawa ba ne," ku bar wanda ya ji daɗinsa ya ji daɗinsa. Gani ya kori ji, amma sai an yi ganin.

Bayan sun watse na mayar da kashin farko daga tushe na kalle shi ni kaɗai, na kuma ɗora da na biyu. Da yammacin yau wanda ya fara jan tsakin nan ya same ni yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, wai me ya faru da matar nan ta asibiti?" Na miƙa masa rimot, na karɓi wayarsa na sa a aljihuna.