Shirun aji daban, sauraro daban

"Ku yi shiru!" Babu abin da malamin firamare ya fi faɗa a rana kamar wannan. Yara kuwa sukan yi shirun, musamman in bulala na kan tebur, amma hankalinsu na wajen mai awara a bakin ƙofar makaranta. Sauraro abu ne da ake koya kamar karatu da lissafi, kuma yaron da bai taɓa tsayawa ya ji damuwar abokin zamansa ba, da wuya ya tausaya masa.

Akwai hanyar da ƙungiyar Narrative 4 ta Amurka ke yaɗawa a makarantu, wato musayar labari. Ana haɗa ɗalibai bibbiyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin wani abu da ya taɓa faruwa da shi. Sai a dawo a zauna tare, kowa ya ba da labarin abokinsa da bakinsa, yana cewa "ni". Nan ne ƙarfin abin yake. Yarinyar da za ta miƙe ta ce "ni ce na bar garinmu cikin dare, takalmi ma ban ɗauka ba", alhali ƙawarta ce rikici ya koro, dole ta kasa kunne sosai. Kuma bayan ta faɗa da bakinta, da wuya ta sake yi mata gorin gudun hijira.

Darasin minti 40 ya isa. Minti biyar na kafa doka: ba katse magana, ba dariya, ba nasiha, abin da aka faɗa a aji ya tsaya a aji. Kowane yaro ya samu minti huɗu, malami na riƙe da agogo. Mai sauraro na iya yin tambaya ɗaya ko biyu, amma sai mai labari ya gama, sannan ya tambaye shi, "Akwai abin da ba ka so in faɗa?" Sauran lokacin na maimaitawa ne. A ajin da ya kai yara 80, a kasa su rukuni na takwas-takwas, ko mutum goma kacal su miƙe kowane mako har layi ya zagayo.

Ƙanana 'yan aji ɗaya zuwa uku a fara musu da tatsuniya. Sun riga sun san in an ce "ga ta nan, ga ta nanku" sai su amsa "ta zo mu ji ta". Bayan ƙurunƙus, a sa yaro ya sake ba da ita da bakin Ƙoƙi. Yaya ta ji lokacin da Gizo ya cinye abincin shi kaɗai?

Inda abin ya fi lalacewa shi ne gaggawa. Malami ya ce a makon farko kowa ya faɗi abin da ya fi baƙanta masa rai, sai aji ya rikice da kuka ko tsokana, don ba a riga an yarda da juna ba. A fara da mai sauƙi, kamar ranar da ka ɓata a kasuwa. Kada a haɗa aminai, sun san labarin juna. A haɗa ɗan gari da baƙo, ko Musulmi da Kirista. Kada a tilasta kallon ido, domin yaranmu da kunya aka tarbiyyantar da su, sunkuyar da kai ba rashin kula ba ne. A bar su su yi da harshen da suka fi iyawa, kuma malami ya daure kada ya gyara nahawu ko ya ba da maki, in ba haka ba yara za su fara ƙirƙiro labarin da zai burge shi.

Wani lokaci yaro zai furta cewa ana cin zarafinsa a gida ko a hanya. Wannan ba a maimaita shi gaban aji. Malami ya keɓe da yaron, ya saurare shi, ya kai maganar ga shugaban makaranta a ranar.